Goggo Kana-Ina da Asibitin Hayi

Ranar Litinin, 3 ga watan Maris, 1997, na fara ganinta. Ranar ce na kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukumarmu a matsayin ƙaramin akawu, kuma aike na farko da aka yi mini shi ne in kai wata takarda ɗakin waya. Ba ƙarfin tunawa ya sa na riƙe ranar ba. Tun ina makaranta nake da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, har yau kuwa ban daina ba.

Ɗakin waya yana can ƙarshen baranda, a gindin matakalar bene. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, gilasanta biyu sun fashe an toshe da kwali. A ciki akwai tebur mai faɗi, da wayoyi uku, baƙa da toka-toka da ja, da akwatin rediyon oba-oba wanda ake magana da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da shi. A sama fanka tana juyawa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bayan teburin wata mata ce gajera, ta doshi hamsin, tabarau a kan karan hanci. Ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa tana feƙe fensir da reza.

“Na ji bututu ya fashe,” take cewa a waya. “Na ji. Kai kana ina? A'a, ɗan nan, ban ce ina bututun yake ba. Kai, ƙafarka, a ina take tsaye?”

Da ta ajiye wayar ta dube ni ta saman tabarau.

“Sabo ne?”

“Sabo ne, ranki ya daɗe.”

“Masu ran da ke daɗewa suna sama, a bene. Nan Goggo ake cewa. Ka iya rubuta lokaci?”

“Lokaci?”

“Ƙarfe nawa, minti nawa. Wanda ka gada ‘da hantsi’ yake rubuta mini a rajista. Hantsin wa?”

Na duba agogona na ce ƙarfe tara da minti goma sha huɗu. Ta duba nata ta ce sha biyar, amma za a iya zama da ni. Tun daga ranar rajistar ɗakin waya ta zama cikin aikina. Duk saƙon da ya shiga ko ya fita ni nake shigar da shi, ita kuma ta sa hannu idan an tashi.

Kana-Ina ake ce mata a bayan idonta, daga baya ma har a gabanta, ba ta kuma damu ba. Babu wanda zai kawo mata rahoto, ko na gobara ne ko na mataccen jaki a kwata, ta karɓa ba ta tambaye shi inda yake tsaye ba. Masu gaggawa suna jin haushinta. Kwamandan 'yan kwana-kwana, wani ƙaton mutum mai murya kamar ganga, ya mai da abin wasa. Kullum da safe idan zai gwada rediyo sai mu ji shi:

“Goggo, kafin ki tambaya, ina kan kujerata, kujerar tana kan siminti. Oba.”

“Simintin yana ina? Oba.”

“Kai, wannan tsohuwa! Ranar da mala'ika ya zo ɗaukarki sai ya faɗi inda yake tsaye. Oba.”

“Zai faɗa kuwa. Ka je ka wanke motarka, jiya na gan ta kamar ta masu yashi. Oba.”

Dalilin tambayar tata yana cikin fasalin garinmu. Kogi ne ya raba shi biyu, yana gangarowa daga arewa, inda madatsar ruwa take, zuwa kudu. Gada ɗaya ce ta haɗa ɓangarorin. Sakatariya tana gabas, ofishin kwana-kwana yana yamma. Mutumin gabas idan ya ce hayi, yamma yake nufi. Mutumin yamma idan ya ce hayi, mu yake nufi. Kowa yana da kasuwar hayi da makarantar hayi da surukan hayi, kuma kowa yana ganin magana ce a fili wadda ba ta buƙatar bayani.

Uban Goggo mai fito ne tun kafin a gina gada. A bakin ruwa ta tashi, tana jin mutane suna ƙwala masa kira daga gaɓa biyu, kowa yana cewa a kai shi hayi.

“Babana ya ce mai fito ne kaɗai ba shi da hayi,” ta taɓa gaya mini. “Shi a tsakiya yake. To ɗakin nan jirgin fito ne, Akawu. In ban san gaɓar da mutum ya hau ba, yaya zan san inda zan sauke maganarsa?”

Kowace shekara a farkon damina ana zaman kwamitin ko-ta-kwana, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ni nake rubuta bayanin zaman. Sakatare ne shugaba, mutum mai tsari, ba ya son a maimaita masa magana. A gefensa Kwamanda, da babban ɗan sanda, da likita mai kula da ƙananan asibitocinmu, da injiniyan madatsar ruwa, da wakilin hukumar agaji daga babban birni. Kowa ya zo da taswirarsa a naɗe. Idan aka baje su a tebur sai ka rantse garuruwa shida ne. Injiniya bai san gabas da yamma ba, gaɓar hagu da gaɓar dama ya sani, kamar mutumin da ya fuskanci inda ruwa ya nufa. Likita lamba yake kira: asibiti na huɗu, asibiti na bakwai. 'Yan sanda da sunan caji ofis suke auna wuri. 'Yan kwana-kwana suna bin sunayen tituna na taswirar da aka zana kafin a haife ni. Harshe ɗaya duk suke yi, amma ba tafinta ba sa fahimtar juna.

Goggo ce tafintar. Ba ta cikin kwamitin. Na duba bayanan zama na shekara shida, ba inda aka ambace ta sai da kalma biyu, “ɗakin waya”. Amma idan injiniya ya ce gaɓar hagu, ita ce take kiran likita ta ce lamba biyu da huɗu da biyar, ta kira 'yan sanda ta faɗi caji ofis, ta kira Kwamanda ta ba shi tsohon sunan titi. Ta san shugaban makarantar da zai buɗe ajujuwa ga masu gudun ruwa ba tare da takarda ba, ta san wanda sai ya ga hatimi. Ta san direban motar asibiti ba ya jin waya idan yana cin abinci, sai a kira mai shagon da ke kallon gidansa.

Doka ɗaya ce a ɗakin, an buga ta da tafireta an manna a bango sama da rediyo, takardar har ta yi ja don tsufa: mai waya za ta karanta umarni kamar yadda aka sa masa hannu, ba ragi ba ƙari, wanda ya saɓa kuma za a ɗauke shi daga ɗakin. Rahoto tana iya tambaya a kansa har mai shi ya gaji. Umarnin da ya sauko daga bene da sa hannun Sakatare kuwa karantawa kawai take yi. Ta girmama dokar ƙwarai, don a kan dokar nan wanda ta gada ya rasa kujerar. Ita kuma ba abin da take so a aikin gwamnati kamar kujerar nan. Sau biyu aka yi mata tayin ƙarin girma zuwa bene ta ƙi.

“Da ƙafata zan tashi daga kanta ranar ritaya,” take cewa, tana bubbuga hannun kujerar. “Ba ɗaga ni za a yi ba.”

A shekarar 2003 saura mata shekara huɗu.

Ranar Alhamis, 21 ga Agusta, kwana uku ke nan ana ruwa. Ƙarfe bakwai da minti goma na safe injiniya ya kira ya ce dole su buɗe ƙofofi uku na madatsa, kuma gaɓar hagu ce za ta fara sha. Goggo ta rarraba maganar yadda ta saba. Likita ya tura mai babur ya zaga asibitocin gabas ya ce a rufe a sallami kowa, sannan ya hau bene ya shaida wa Sakatare an yi hakan. Ƙarfe tara da minti ashirin da biyar ruwa ya hau gada, 'yan sanda suka rufe ta. Gari ya rabu biyu. Abin da ya rage mai iya ratsa kogin shi ne jirgi ɗaya mai inji na 'yan kwana-kwana, yana ɗaure a gaɓarsu ta yamma.

A shekarar ne manyanmu suka fara riƙe wayar hannu. Sakatare yana da tasa, babban ɗan sanda yana da tasa. Ƙarfe goma da minti arba'in babban ɗan sanda ya kira Sakatare kai tsaye, maganar ba ta bi ta ɗakin waya ba. Ya ce wani kurtunsa ya ba da rahoto ruwa ya ci asibitin hayi, ungozoma da mata da jarirai suna kan rufi. Sakatare yana zaune a gabas, an kuma riga an gaya masa an rufe asibitocin gabas. Ya jawo takarda ya rubuta: jirgin kwana-kwana ya tafi asibiti na bakwai, yamma, nan take. Ya sa hannu ya miƙo mini. Na sauko da gudu.

Goggo ta karanta takardar sau biyu.

“Wa ya ce na bakwai?”

“Sakatare.”

“Shi ya gani?”

“Babban ɗan sanda ne ya ce asibitin hayi.”

“Shi ya gani?”

“Kurtunsa ne.”

“Kurtun yana ina?”

Ban sani ba. Ta danna rediyo ta kira ɗakin 'yan sanda. Sajen da ke kan aiki ya ce kurtun da aka ɗora a kan babban tankin ruwa ne don ya riƙa duba kogi, amma tun bayan rahoton ba su ƙara jin sa ba, da alama batirinsa ya mutu.

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

“Akawu, tankin ruwa yana ina?”

“Yamma.”

“To hayinsa ina ne?”

Na ce gabas. Ta ci gaba, tana ƙirgawa da yatsa. Daga kan tanki ba a ganin asibiti na bakwai, tudu ya kare shi, kuma a kan tudun ma yake, ruwa sai ya cinye rabin gari kafin ya kai can. Na huɗu ake hangowa, tsallaken ruwa, can kudu a cikin kwari. Yau kuma Alhamis, ranar awon ciki da rigakafi a na huɗu, don kowace Laraba ita take kira wa ungozomar motar da ke kai akwatin allura.

“Amma an ce an rufe shi, Goggo.”

“An ce an tura mai babur. Ka ga dawowarsa? Hau ka gaya wa Sakatare, maza.”

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne jirgin. Daga gaɓar kwana-kwana, na bakwai yana arewa, sai an yi gaba da gaba da ƙarfin ruwa kusan minti arba'in. Na huɗu yana kudu. Man da ke cikin injin ba zai kai su can ya dawo da su nan ba. Duk inda jirgin ya nufa, nan ke nan.

Na tarar da Sakatare a tsaye bakin taga, waya a kunne, yana fama da babban birni kan tantuna da barguna. Na tsaya har ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

“Mene ne?”

“Ranka ya daɗe, Goggo ce ta ce...”

“Na sa hannu ko ban sa ba?”

“Ka sa, amma ta ce kurtun...”

“Ka ce wa Goggo yau ba ranar tambaya ba ce. Mutane suna kan rufi. A aika!”

Ya juya ya ci gaba da wayarsa. Na sha tunanin wannan minti ɗaya. Da na buɗe baki na ce “na huɗu ne, ba na bakwai ba”, na tabbata zai saurara, don ba mutum ne mai taurin kai ba. Amma da sunan Goggo na fara, shi kuwa yana jin sunan ya ɗauka tambayar nan tata ce ta kullum.

Da na dawo, muryar Kwamanda ta cika ɗakin.

“Goggo, injina yana shan mai a banza. An ce akwai umarni. Ina muka nufa? Oba.”

Ta dube ni. Na girgiza kai. Ta ɗaga ido ta dubi takardar da ke manne a bango, ba ta daɗe ba, sannan ta mai da tabaraunta, ta jawo abin magana kusa da baki.

“Asibiti na huɗu, gabas, ƙarshen tsohon titin masaƙa, cikin kwari. Ku gangara kudu. Oba.”

Kwamanda ya yi shekara goma sha biyar yana jin muryarta, ya san yadda take karanta takarda, ya san kuma yadda take magana.

“Goggo, takarda ce ko ke ce? Oba.”

“Ni ce. Oba.”

“To. Mun gangara. Oba.”

Ta turo mini rajista.

“Rubuta. Ƙarfe goma da minti hamsin da biyu. Umarni ya ce na bakwai, mai waya ta ce na huɗu.”

Na rubuta.

Minti talatin da huɗu muka yi ba mu ji daga gare su ba. Ba ta zauna jiran tsammani ba. Ta kira shugaban makarantar da ke bayan tashar mota ya buɗe ajujuwa shida. Ta kira masu wutar lantarki su yanke layin kwari. Ta kira mai shago ya taso direban motar asibiti, ta ce masa ya je ya tsaya a kan tudun da ya fi kusa da na huɗu, kada ya kashe mota. Ta ce wa wakilin hukumar agaji barguna su fara sauka a gabas. Tsakanin kira da kira tana feƙe fensir. Na ƙirga guda biyar, har da waɗanda ta riga ta feƙe da safe. Sau ɗaya kawai ta yi maganar da ba ta aiki ba.

“In na bakwai ne, Akawu, ban san da wane ido zan dubi garin nan ba.”

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da shida rediyo ya yi tari.

“Ɗakin waya, mun same su. Mata goma sha ɗaya, jarirai shida, ungozoma ɗaya. Saura bai fi taku ɗaya ba ruwa ya hau rufin. Sawu biyu za mu yi zuwa tudu. Tsaya, ga ungozoma tana ƙwace mini abin magana.”

Sai ga muryar mace, a dashe don ihu.

“Goggo? Ke ce? Kun gama shan shayin naku? Tun ƙarfe tara muke kaɗa zane a sama kamar masu korar tsuntsu!”

“Ba a aiko miki ki rufe ba, 'yar nan?”

“Wa ya zo? Ko kare ban gani ba!”

Daga baya muka ji ruwa ne ya yanke ƙaramar hanyar kwari tun da safe, mai babur ya juya, ya ce a ransa ai ungozoma tana da ido za ta gani. Asibiti na bakwai kuwa ko harabarsa ruwa bai taɓa ba.

Goggo ta jingina da kujera ta rufe ido. Da ta buɗe ta ce in shigar da lokacin, in kuma zuba mata ruwa a kofi.

Da ruwa ya janye, hukumar agaji ta nemi kowace ma'aikata ta kawo takardunta a gwama. Ana gobe za a karɓi namu na ɗauki rajista na shiga wurinta na tura ƙofa.

“Goggo, da fensir na rubuta layin nan. Sakatare zai iya sake rubuta umarnin da lamba huɗu, kowa ya huta. Ni kuma in goge.”

Ta dube ni ta saman tabarau.

“Kai akawu ne ko mai wanki?”

“Kujerarki nake ji.”

“Na fi ka jin ta. Amma in ka goge wannan, gobe wani zai sake cewa hayi, wani ya sake rubuta na bakwai, ba kuma wanda zai san an taɓa yi. Ɗauko biro ka bi kansa.”

Na bi kansa da biro a gabanta, ta sa hannu.

An zauna ranar Talata, 9 ga Satumba, a ɗakin taro na bene. Wannan ne karo na farko da Goggo ta zauna a teburin kwamitin. Wakilin hukumar agaji ya sa na karanta umarnin, sannan na karanta layin rajista. Ya tambaye ta ko ta san dokar ɗakinta.

“Ni na manna ta da hannuna, ranka ya daɗe, da tsohuwar ta yage.”

“Da kin yi kuskure fa?”

“Da kun zauna yadda kuka zauna yau, sai dai ni da ba ni da bakin gaishe ku.”

Kwamanda ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. Ya ce rai goma sha takwas ya ɗebo da hannunsa, in akwai mai laifi a ɗakin nan a nuna masa shi, amma ba wannan baiwar Allah ba. Ya ce shi ma ya san ba takarda ba ce ya bi, a haɗa da shi.

Sakatare ya bari ya gama. Sannan ya miƙe ya ce kuskuren nasa ne, shi ya ji hayi ya rubuta yamma, shi kuma ya ƙi sauraron akawunsa, a rubuta haka. Na rubuta. Ya ce amma ranar ambaliya ma'aikatu shida suke motsi da maganar da ta fito daga ɗaki ɗaya, kuma suna motsin ne don sun yarda abin da suka ji shi ne abin da aka sa wa hannu. Idan aka ce mai waya tana iya canzawa ranar da ta tabbata, to wanda zai gaje ta ma zai tabbata wata rana, shi kuma ba lalle ya zama ɗan mai fito ba. Ya juya wajenta.

“Goggo, ki gafarce ni.”

“Gaskiyarka ce, ranka ya daɗe. Ni ma da nake can sama haka zan yi.”

Takarda biyu na buga a ranar, kowace da kwafi uku. Ɗaya ta yabo, ɗaya ta canjin wurin aiki zuwa ɗakin ajiyar fayil. Da kaina na kai mata. Ta karanta, ta nuna mini inda na manta waƙafi, ta kwashe fensiranta da rezarta da kofinta a jaka. Matashin kujerar nata ne, daga gida ta zo da shi, amma ta bar shi.

Kwamitin ya yi gyare-gyare bayan haka. An haɗa taswirorin shida aka zana ɗaya. An rubuta lambar kowane asibiti da farin fenti a kan rufinsa. An ce umarnin gaggawa sai an karanta wa wanda ya sa hannu ya sake ji kafin a aika. An kuma fitar da sanarwa cewa daga yau an hana amfani da kalmar hayi a duk takardun hukuma. Ina da kwafinta. A ƙasa masinja ya rubuta da biro: a kai wa ofisoshin hayi.

Kwamanda bai sake gwada rediyo da wasa ba. Wanda aka sa a ɗakin mutumin kirki ne, yana karanta abin da aka ba shi daidai. Cikin shekara uku wayar hannu ta shiga aljihun kowa, wayoyin nan uku suka daina ƙara, aka kwashe su. Yanzu karyayyun kujeru ake tarawa a ɗakin.

Goggo ta yi shekara uku da wata tara a ɗakin fayil. Ta jera takardun shekara talatin da ke zube a ƙasa, ta yi musu lamba, kuma da tsarinta muke aiki har yau. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ta daina bin ƙarshen baranda, ta ƙofar baya take shiga. Ta yi ritaya ranar Juma'a, 29 ga Yuni, 2007, ta koma gidan babbar 'yarta. A shekarunta na ƙarshe jinta ya ragu, sai an matsa kusa an ɗaga murya. Ta rasu ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2014, bayan jinyar mako biyu. Ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha uku. Allah ya jiƙanta.